Na je bikin fim a Kano, na ɓuge a Ƙofar Wambai

Ɗan ƙanwata ne ya hana ni sakat da waya. Yana karatun aikin jarida a Jami'ar Bayero, kuma tun da watan Nuwamba ya kama bai bar ni na huta ba. "Kawu, bana kam sai ka zo. Kai da ka ci abinci da fim tun ba a haife ni ba, a ce ana bikin fim a Kano kana zaune a Funtuwa kana sayar da caja?" Ban ji haushi ba, don gaskiya ya faɗa. Tun ƙarshen shekarun 1990 nake da shagon hayar kaset, kuma Kano nake zuwa sari. Da kaset ya mutu na koma faifai, da faifai ya bi sahu na cika shagon da caja da murfin waya da memori.

Motar sammako na shiga, ta Bakori da Malumfashi, muka karya a Dayi muka kama hanyar Gwarzo. Kaka ce, buhunan masara da dawa jibge a bakin titi, ga hazo ya fara sauka. Wata baiwar Allah a kujerar tsakiya ta kunna fim mai dogon zango a wayarta, murya a sake, babu kuma wanda ya ce ta rage. Kafin mu kai Gwarzo mota ta rabu gida biyu, 'yan bayan uwargida da masu tausayin amarya. Direba, wanda ba ya ganin komai sai kwalta, shi ya fi kowa zaƙewa. Can sai ya waiwayo ya ce, "Hajiya, wai ya sake ta ne?" Muka haɗa baki muka ce malam dubi gabanka. Na tambaye ta inda ta samo fim ɗin, ta ce a tasha aka tura mata, ita ina ta ga kuɗin data. Muka wuce Rimin Gado da Janguza da sabuwar jami'a, aka sauke mu a Rijiyar Zaki, yaron yana tsaye yana jirana.

Bikin da ya kira ni dominsa shi ne KILAF, wanda Malam Abdulkarim Muhammad na kamfanin Moving Image ya assasa a 2018, ake kuma yin sa duk shekara a Kano. Abin da ya raba shi da sauran bukukuwa shi ne harshe: finafinan da aka yi da harsunan gida na Afirka ake kawowa. Akwai bikin Zuma da Hukumar Shirya Finafinai ta Najeriya take yi a Abuja, hukumar da Ali Nuhu yake shugabanta tun Janairun 2024, amma wancan na gwamnatin tarayya ne. Na Kano na 'yan gida ne. Ana haska finafinai, malaman jami'a suna gabatar da takardu, ana koyar da matasa, a ƙarshe a raba kyaututtuka.

Rabon da in zauna a kashe fitila a haska mini fim a bango har na manta. Abin da ya fara kama ni sauti ne. A waya ba ka jin komai sai magana da kiɗa, a nan kuwa har takun mutum a kan yashi kana ji. Wani gajeren fim na wasu matasa shi ya tsaya mini a rai. Labarin ɗan garuwa ne, daga asuba zuwa magariba. Ba waƙa, ba jarumin da ka sani, ba falo mai kujerun alfarma. Kyamara ta tsaya a kan ƙafarsa yana tokare kura a gangare, silifas ɗinsa guda an ɗaure shi da waya, jarkoki suna kaɗawa, ruwa yana fallatsar masa a wando. Ya kai ruwa wani gida ya juye, matar gidan ta leƙo ta bayan labule ta ce maigida bai bar kuɗi ba, ya dawo gobe. Bai ce uffan ba. Ya kwashi jarkokinsa wayam ya shiga mayar da su kan kura ɗaya bayan ɗaya, daraktan kuma ya bar mu muna kallo har ya gama jerawa. Wata ɗaliba a bayana ta ce, "Kai, Allah ya isa!" da ƙarfi. Zaure ya ɗauki dariya, amma dariyar ba ta je ko'ina ba.

Ni da idon ɗan kasuwa nake kallo. A zamaninmu da an kawo wannan fim ɗin kasuwa, ko sa shi a bidiyo ba za a yi ba. Abin da ake tambaya bai wuce wa ya fito, waƙa nawa ce a ciki, fuskar wa ke kan kwali. Tun da Sangaya ya fito a 1999 ya yi kasuwar da ya yi, kowa ya gane waƙa ce ke sayar da kaset, har ta kai furodusa kan fara zuwa sutudiyo ya sayi waƙoƙi kafin ya san labarin da zai ɗora musu. Masu zagin 'yan fim da rawa da waƙa sukan manta cewa kasuwa ce ta koya musu. Amfanin biki irin wannan a wurina ke nan: shi ne wuri guda da yaro zai kawo abin da kasuwa za ta ƙi, a zauna a kalla har ƙarshe, a kuma tafa masa.

An nuna na wasu ƙasashe ma, da yarukan da ban taɓa ji ba, fassarar Turanci tana gudu a ƙasan allo. Yaron yana ta raɗa mini ma'ana a kunne har na ce ya bar shi haka. Inda uwar miji ta shigo madafin matar ɗanta ta ɗaga murfin tukunya ta taɓe baki, babu wanda ya jira fassara. Sai na tuna ai Kano ce cibiyar masu fassara. Yaran nan da suka sa jaruman Indiya suna zuba Hausa har da habaici, irin su Algaita, da za a ba su finafinan maƙwabtanmu su juya, na tabbata matan Funtuwa za su kalla.

Da aka fito sallar La'asar na tsinci kaina a wani gungu ana muhawara. Wani matashin furodusa, hula zanna a goshi, waya biyu a hannu, yana ta kumfar baki. Ya ce ya zuba kuɗinsa ya yi fim, ya ɗora a YouTube da daddare, kafin gari ya waye yana cikin kwamfutar kowane mai turi daga Kano har Agadas. "Ɓarayi ne, wallahi ɓarayi ne! Su suka kashe Kannywood." Ɗan ƙanwata ya dube ni ta wutsiyar ido, don ya san a bakin shagona akwai yarona da kwamfuta: ka kawo waya, ka faɗi fim ɗin da kake so, ya zuba maka, ka ba shi ɗan abin da ya sawwaƙa. Na ce, "Malam, ga ɗaya daga cikinsu a gabanka." Aka yi tsit, sannan aka bushe da dariya. Ya sosa ƙeya ya ce, "Haba Baba, ai ba da kai nake ba." Na ce da ni kake, kuma ba duka ka yi ƙarya ba, amma ba ni lambarka, maganar ta fi ƙarfin tsayuwa a bakin masallaci.

Washegari na ce wa yaron ya tafi lakcarsa, na tari adaidaita sahu ni kaɗai zuwa Fagge. Ina so in taka wuraren da na sani da ƙafata.

Yau in aka ce Wapa, dala da riyal ne ke faɗo wa mutum, ga 'yan canji suna ɗaga maka hannu tun kafin ka sauka. Amma sinima ce ta bar wa wurin suna. Plaza ma a Fagge take, Oriyon a Ƙofar Wambai, ga Eldorado, ga Marhaba ta wajen Farm Centre. Yawancinsu sun daina haska fim, sunan ne ya rage a bakin 'yan adaidaita in suna kiran fasinja. Kano ta daɗe da sanin sinima, tun 1937 da Kwarori suka buɗe Rex, sai dai ba ta taɓa sakin jiki da ita ba. Ranar 13 ga Mayun 1951 gobara ta tashi a sinimar El-Duniya ana tsakiyar kallo, mutum 331 suka rasu, kuma mutanen gari da yawa suka ɗauka azaba ce ta sauka. Palace da aka gina a cikin birni ta wajen Jakara ta sha tsangwama, daga baya ta koma asibiti. Duk da haka dare bai taɓa yi ba a cika su ba, ana kallon Indiya da Canis da kaboyi. Amma kowa ya san su wa ke zuwa. Saurayi ɗan gidan mutunci sai ya saci jiki, matar aure kuwa ko a mafarki.

Shi ya sa nakan yi murmushi in na ji ana cewa a farfaɗo da sinima don a ceto fim ɗin Hausa. Ba a sinima aka haife shi ba. An yi Shehu Umar a 1976, Adamu Halilu ya ɗauko shi daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, aiki ne na gaske, amma mutum nawa suka gan shi a lokacin? Abin da talaka ya sani shi ne wasan kwaikwayon talabijin, su Samanja da Karkuzu da Ƙasimu Yero. Sai a 1990 da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a kaset, nan ne ƙofa ta buɗe, domin kaset yana shiga inda sinima ba ta isa ba, wato ɗakin matar aure. Ba a jima ba talabijin da bidiyo suka shiga cikin kayan ɗakin amarya.

Ni shaida ne, don littafin hayata kusan duk sunayen gidaje ne, ba na mutane ba: gidan Malam wane, gidan mai unguwa, gidan Hajiya mai ƙosai. Matan ba sa zuwa, yara suke aikowa. Yarinya za ta shigo da kuɗi a dunƙule a hannu, ta sauke karatun da aka biya mata: "Wai in ji Umma a ba ta na biyu, kuma wai na jiya yana cin zare, kuma wai kada a ba ta mai Ibro, Baba yana gida." In na ce na biyu yana hannun wasu, sai ta ce ai ta san gidan, bari ta je ta zauna har su gama. Ina da ɗan injin mayar da zare a gefen tebur, yana kuka tun safe har dare. Mujallar Fim ta Ibrahim Sheme, wadda ta fara fitowa a 1999, a kan bencin shagona ake karanta ta har ta yage. A shekarar ne kuma Sunusi Shehu Daneji ya raɗa wa harkar suna Kannywood a mujallar Tauraruwa, shekara 3 kafin duniya ta fara jin Nollywood.

Daga Fagge na gangara Ƙofar Wambai. Layin da na sani da fastocin jarumai tun daga ƙasa har rufi, da lasifika kowane shago da waƙar da yake saki, yanzu robobi ne da bokitai da takalma da dilolin gwanjo. Sai da na yi tambaya kafin na gano Alhajin da nake sari a wurinsa. Yana nan a shagonsa na da, gemu ya yi fari fat, kulolin abinci yake sayarwa. Ya ƙura mini ido, can ya ce, "Na Funtuwa! Kana raye?" Ya sa aka shimfiɗa mini darduma, ya aika yaro ya sayo gurasa bandashe, ta sha ƙuli da mai da albasa. Muka gaisa, muka yi wa juna ta'aziyyar waɗanda suka riga mu, kuma suna da yawa.

Na ba shi labarin furodusan jiya. Ya yi dariya har da tari.

Ga wanda bai san yadda ake yi a da ba, bari in warware. Furodusa ba kaset yake kawowa kasuwa ba. Uwar fim guda ɗaya yake kawowa, da kwalayen da ya buga a maɗaba'a masu hoton jarumai. Kwalin nan shi ne hajarsa. Dila zai karɓi adadin da yake ganin zai iya sayarwa, ya sayi kaset wanda babu komai a ciki da kuɗinsa, ya kai ɗakin gurzawa. Na sha shiga na Alhaji. Bidiyoyi ne jere a kan kanta daga ƙasa har sama, duk an ja musu waya daga guda ɗaya mai ɗauke da uwar, ɗakin ya yi zafi kamar gidan burodi, yara daga su sai singileti suna bi suna danna maɓalli. In fim ya ƙare a zare, a zura a kwali, a ɗora wasu. Kaset mai kwali halal ne, furodusa ya samu nasa. Wanda ba shi da kwali na sata ne, kowa ya gani ya sani. Galibi bashi ake karɓar kwalin, sai an sayar a biya, wanda ya yi kwantai a mayar wa mai shi. Furodusoshi sun sha kuka da wannan tsari, suna cewa su ke wahala dillalai ke gina gidaje, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma kuɗi yana tafiya daga hannun yarinyar nan mai aike har ya isa ga wanda ya yi fim.

Alhaji ya ce, "Ka tambaye shi, da me muke cika injinan nan kafin a fara fim ɗin Hausa? Indiya da Canis da na Amurka. Wa muka biya? Ko sisin kwabo. Mu ne ɓarayin farko." Ya ce da wannan satar aka share hanya: aka san dila a Maraɗi da Damagaram, aka san wanda zai karɓa a zangon Kumasi, da Kamaru, har Sudan da Saudiyya. Da fim ɗin Hausa ya zo, hanya a buɗe ya tarar, ya bi. Abin da ya canza shi ne mai fim ɗin Indiya yana Bambai, ba ka san shi ba, mai na Hausa kuwa a sahu ɗaya kuke sallah. Sai ƙungiyar 'yan kaset ta tsaya kai da fata cewa na gida ba a gurza shi sai da kwali, wanda aka kama kuma ya ji a jikinsa.

Na tambaye shi ko yana ganin hukuma ce ta karya kasuwar, don haka matasa da yawa suke faɗa. Ya girgiza kai. An dakatar da harkar a ƙarshen 2000 bayan ƙaddamar da Shari'a, aka kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001, aka ci gaba. An sake dakatar da ɗaukar fim a 2007, zamanin shugaban hukumar Abubakar Rabo ya yi zafi, wasu suka kwashe kayansu zuwa Kaduna da Jos, furodusa Hamisu Iyan-Tama har gidan yari ya shiga a ƙarshen 2008. Duk wannan, in ji Alhaji, kasuwa tana ci. Abin da ya kashe ta a hankali ya zo. Faifai ya sa duk mai kwamfuta ya zama mai ɗakin gurzawa. Tashoshin tauraron ɗan'adam suka shigo, Arewa24 ta buɗe a 2014, ga Daɗin Kowa kyauta a falo. Sannan waya da memori suka ƙarasa aikin, don fim ɗin da ke cikin memori ba shi da inda za a manna masa kwali. Na tuna masa dambarwar 2016, lokacin da gwamnatin tarayya ta so gina ƙauyen fim na naira biliyan 3 a Kofa ta ƙaramar hukumar Bebeji, malamai suka taso, aka fasa. Ya ce shi bai ga abin da za a yi faɗa a kai ba. "Yin fim ne ya gagare su? Sayarwa ce ta gagara."

Da yamma na kira furodusan, ya ce in same shi a Titin Gidan Zoo. Nan ce Kannywood ta yanzu, in akwai inda za a nuna da yatsa. Benaye ne masu ƙananan ofisoshi, su Gidan Ɗan Asabe da maƙwabtansa, wannan ɗaki na editin, wancan na ɗaukar murya, janareto yana ruri a ƙasa, samari da 'yan mata masu neman a sa su a fim suna zaune a kan matakala. Ya karɓe ni da mutunci, ya kore yaronsa daga kujera, ya juyo mini da kwamfuta ya buɗe shafin da ke nuna masa lissafin tasharsa. A nan na ƙaru. YouTube ba don an kalli fim yake biya ba, don tallan da ya ɗora a kai ne, kuma tallan da aka nuna wa mai kallo a Najeriya kuɗinsa bai taka kara ya karya ba in aka gwada da na wanda ke Saudiyya ko Ingila ko Amurka. Ya nuna mini jerin ƙasashe da yatsa: nan ne yawan jama'a, can ne kuɗi. Shi ya sa kowa ya koma fim mai dogon zango, kashi-kashi duk mako, tun da Izzar So da Labarina suka nuna hanya a 2020. Shi ya sa kuma ake tsayar da labari a tsakiya a tallata maganin gargajiya ko filaye ko shagon atamfa, don wannan kuɗin a hannu ake ba shi, ba ruwansa da jiran dala.

Na ce to tsaya nan. Tallan da ka dasa a cikin fim, in yarona ya tura wa mace a Funtuwa, yana fita ne ko yana tafiya da shi? Ya ce yana tafiya. Na ce ashe dai muna kai maka tallanka inda data ba ta zuwa, kai ne ba ka san yawan waɗanda muka kai wa ba, balle ka faɗa wa mai maganin ya ƙara maka kuɗi. Matar da na baro a mota ba za ta taɓa shiga lissafin kwamfutarka ba, alhali ita da ire-irenta su ne masu kallon fim ɗin Hausa tun ran gini. Na ce abin da aka yi da su Alhaji shi za a yi da mu: a ba masu turi kashin mako kafin ya hau YouTube, ta hannun ƙungiyarsu, su biya, su kuma kawo adadin da suka tura.

Bai yarda ba, kuma hujjarsa ba ta banza ba ce. Ya ce an sha gwada makamancin haka. Mutum ɗaya zai biya, kafin awa guda ya watsa wa ɗari ta WhatsApp da Telegram. Na ce a zamanin kaset ma duk mai bidiyo biyu zai iya gurzawa, ƙungiya da kunya suka hana. Ya ce, "Baba, ku a kasuwa ɗaya kuke, an san shagon kowa. Waɗannan kowace tasha, kowane lungu, wani ma a ƙarƙashin lema yake. Wa zai kama wa?" Na ce wanda ke ƙarƙashin lema ma yana da shugaba a tashar, je ka taɓa wurin zamansa ka gani. Muka yi ta ja har aka kira Isha'i. Abin da muka rabu a kai shi ne ya daina cewa ɓarayi, ni kuma na amince cewa yarona yana cin guminsa ba da izininsa ba. Ya rako ni har bakin titi ya biya mini kuɗin adaidaita.

Daren raba kyaututtuka an sha ado, shadda da leshi da ƙamshi, ana taka jar darduma ana ɗaukar hoto. Na ga fuskokin da na shekara ina mannawa a ƙofar shago, wasu sun manyanta har sai da yaron ya tuna mini sunansu. Na yi tafi inda ake tafi. Amma hankalina yana kan neman yaran da suka yi fim ɗin ɗan garuwa, kuma ɗan ƙanwata ya zaƙulo mini daraktan a can baya, siriri, rigarsa ta yi masa yawa.

Na yaba masa, ya rusuna yana godiya. Na ce in an tashi daga nan, a ina mutum zai ga fim ɗin? Ya ce yana cikin kwamfutarsa. Na ce sai kuma ina? Ya ce yana neman wani bikin da zai aika. Na ce masa ni ba ni da biki, amma ina da shago a kan hanyar tasha, in ya yarda ya ba ni, duk wanda aka tura wa za a rubuta a littafi, ƙarshen wata in turo masa rabin abin da aka samu, ba zai yi yawa ba. Ya dubi ɗan ƙanwata, shi kuma ya ce masa, "Kawuna ne, ba zai cuce ka ba." Ya ce zai turo mini ta waya. Na ce a'a, ga memori, gobe da safe ka zuba mini kafin in kama hanya, ka kuma haɗo ni da hoto babba da zan buga in manna, don mutanenmu da ido suke zaɓen fim.

Ya ce ai matsalar ke nan, babu fuskar da aka sani a ciki. Mutumin ba ɗan fim ba ne, ɗan garuwan unguwarsu ne na gaske, a Ɗorayi, roƙonsa suka yi ya ba su yini biyu. Na tambaya nawa suka biya shi, ya ce kuɗin ruwan da zai sayar a ranakun. Na ce to hotonsa za mu manna, shi da kurarsa, kuma rabon ya tashi daga biyu ya koma uku, ka je ka gaya masa, ka karɓo mini lambar wanda za a riƙa tura wa nasa.